Hawan Jos da Silinda Uku

Hanyar Kano zuwa Jos ta dajin Falgore tana tona asirin mota. Daga Kano har Tudun Wada ƙasa a shimfiɗe take, duk injin da ya iya tashi da safe zai kai ka. Amma Kano ba ta kai mita 500 a saman teku ba, Jos kuwa ta haura mita 1,200, kuma wannan tazara mota ce ke biyanta da ƙarfin ƙirjinta, mafi tsananinta a can ƙarshe, bayan inji ya sha zafi ya gaji. Motar da ke fama da ciwo a ɓoye tana iya shekara tana yawo tsakanin Kurna da Sabon Gari ba wanda ya sani. Ranar da ta doshi Filato da lodi, ranar ake ji.

Motar da na shiga ta ƙanin mahaifiyata ce. Kawu malamin firamare ne da ya yi ritaya, ya haɗa kuɗin sallamarsa da na wata gona ya sayi Golf 3 doguwa, 'yar Kwatano. Kamfanin Volkswagen ya fara ƙera Golf 3 a 1991, ya daina tun kafin shekarar 2000, don haka ko autar cikinsu ta girmi yawancin yaran da ke gyaranta a gareji. Da ita Kawu ke ɗaukar dilolin atamfa da shadda daga Kantin Kwari ya kai wa 'yan kasuwa a wajen Taminus ta Jos, ya dawo da dankalin Turawa da kabeji da karas ya sauke a 'Yankaba. Abincin gidansa da kuɗin makarantar 'yan matansa biyu duk daga ƙarƙashin wannan bonet suke fitowa. Ni ɗaurin auren wani abokin karatu zai kai ni Jos, sai ya ce in zo mu tafi, ya samu abokin hira.

Cikin hunturu ne. Mun fito bayan asuba, hazo ya rufe gonakin shinkafa na Kura da Kadawa, a Kwanar Gafan an jera kwandunan tumatir ana jiran motocin kudu. Tun a ƙofar gida motar ta ɗan yi gardama kafin ta tashi, Kawu ya ce sanyi ne. A Kwanar Dangora, inda muka saki titin Zariya muka karya hagu, mun tsaya a shinge, sai na ga sandar giya tana rawa ita kaɗai. Kawu ya ce shi ma ya lura, kuma a makon nan ya sa sababbin fulogi da wayoyinsu, ba abin da ya canza.

A cikin Falgore abin ya fito fili. Hawan da Kawu ya ce da giya huɗu yake wuce shi, sai da ya sauko uku. In ya ɗaga ƙafa daga totur, salansa ta riƙa yin fut, fut, a tsare, kamar tana ƙirga wani abu, ga warin ɗanyen fetur yana shigowa ta taga. Dajin ba wurin tsayawa ba ne. Akwai sojoji a wurare, amma ba direban da ke son buɗe bonet a tsakanin shinge da shinge. Hira ta mutu, muka koma sauraren inji har muka fita.

A Saminaka muka tsaya, garin masara, inda manyan motoci ke lodin buhuna a bakin titi. Wani mai shayi ya nuna mana bakanike a ƙarƙashin dalbejiya, saurayi ne mai zafin nama. Abin da ya fara yi daidai ne. Ya bar motar tana silo, ya ɗauko filaya mai roba ya riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Ya zare ta farko, inji ya yi kamar zai mutu. Ta biyu, haka. Da ya zare ta uku, ko gezau: rawar da inji ke yi ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Wato silinda ta uku ba ta cikin aikin tun farko. Ya kusanta wayar da jikin inji, wuta ta yi tsalle shuɗiya, to ba wuta ba ce. Ya kwance fulogin, ga shi jiƙe da fetur, to mai ma yana zuwa. Daga nan ya buɗe murfin baƙin mai, ya ga ɗan tururi yana fita, ya girgiza kai.

"Alhaji, ringi ne. Inji ya gaji. Sai an sauke shi."

Kawu ya tambaye shi abin da za a yi a nan kusa. Ya ce ko dai a zuba baƙin mai mai kauri da wani magani na gwangwani a lallaɓa, ko kuma, in ana son a huta, yana da mutum a Panteka ta Kaduna da zai turo injin Beljiyam kafin jibi.

Ba na zargin saurayin nan da ha'inci. Ya bi sawu har ya kama silindar da ke ciwo, kuma ya gano cewa ba wuta ba mai ba, saura matsi. A nan kayan aikinsa suka ƙare, sai ya cike sauran da zato. Abin da ke damuna shi ne yawan injinan da ake saukewa a ƙasar nan kullum bisa irin wannan zato, kuma masu su ba masu kuɗi ba ne. Mai kuɗi in an yi masa kuskuren inji guda, ya sayi wani. Mutum irin Kawu in aka sauke masa inji a banza, jarinsa aka sauke.

Inji irin na Golf silinda huɗu gare shi, kowace da fistan a ciki yana hawa da sauka. Ya sauka ya zuƙo iska da fetur ta bawul ɗin shiga. Bawuloli su rufe, ya hau ya matse su har su koma kusan kashi ɗaya cikin tara ko goma na girmansu. Fulogi ya ba da wuta, su fashe su tura shi ƙasa. Ya sake hawa ya kori hayaƙi ta bawul ɗin fita. Ƙarfin mota duk a wannan matsewa yake, ita ce makanikai ke kira kwamfireshan. Duk wanda ya taɓa hura taya da famfon keke wanda fatarsa ta cinye ya san yadda abin yake: kana dannawa hannunka na tafiya sakwa-sakwa, iska na gudu ta gefe. A silinda, ƙofofin gudu uku ne. Ta ƙasa, in ringin da ke zagaye da fistan ya cinye ko ya karye, ko bangon silindar ya buɗe. Ta sama, in bawul ya ƙone ko ya lanƙwashe ko bai zauna daidai ba. Sai ta gefe, in gaskit ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa ya ƙone, ko kan da kansa ya tsage. Daga waje alamarsu kusan ɗaya ce: rawa, rashin ja, shan mai. A aljihu kuwa ba su haɗa hanya ba ko kaɗan. Na sama da na gefe kai kawai za a cire, inji na zaune a wurinsa. Na ƙasa shi ne mai kai mutum ga sauke inji.

Kawu ya yi wa saurayin godiya, ya ba shi na goro, ya ce zai yi shawara a Jos. Ci gaba da tafiya da mataccen silinda ba abin so ba ne. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin bango, wani ya gangara cikin tukunya ya tsinka man gaba ɗaya, ga sauran ukun suna ɗaukar nauyin huɗu. Amma kayan mutane ne a bayanmu, kuma Jos ta fi Kaduna kusa. Daga Jengre duwatsu suka fara tasowa, baƙaƙe, a jibge kan juna, iska ta sauya ta yi kaifi. Muka bi bayan wata tirela a giya biyu, idon Kawu rabi a titi rabi a allurar zafi. Ba mu shiga Mista Ali ba sai da rana ta yi ja, muka gangaro Farin Gada ana kiran magariba, sanyi har cikin ƙashi.

Dillalin da ke haɗa wa Kawu dankali shi ya kai mu wani gareji washegari, a nan yankin Farin Gada. Mai garejin dattijo ne, sa'ar Kawu, da hular sanyi har kunne. Ya ce a kan Fijo ya koyi aiki, zamanin da kamfanin PAN na Kakuri a Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ke cika titunan arewa da 504. Kawu ya ba shi labarin Saminaka, ya ji har ƙarshe bai katse ba.

"Malam, yaron bai yi ƙarya ba a kan silinda ta uku. Amma ban yarda a kwance ko noti ɗaya ba sai mun auna."

Ya aiki yaro ya ɗauko wani akwatin roba da ya dafe. A ciki akwai geji mai allura, irin na masu faci, da tiyo mai zare a baki daidai ramin fulogi. Ya sa aka kunna motar sai da ta ɗau zafi, domin ƙarfe in ya yi zafi yana kumbura ya rufe ramuka, kuma a haka inji ke aiki a hanya. Sannan ya kashe, ya cire fulogi huɗun duka, ya cire wayar kwayil don kada wuta ta tashi, ya toshe tiyon mai. Ya duba batir, ya ce in batir ya yi sanyi inji ba zai juya da sauri ba, geji zai yi wa lafiyayyar silinda sharri. Ya ce da ni, "Ɗana, shiga ka take totur har ƙasa, kada ka ɗaga. In na ce buga, ka murɗa makulli sai na ce isa." Taka totur ɗin don iska ta samu hanyar shiga ne, in an manta, duk lambobin sai su fito ƙasa.

Gejin da ma'aunin iskar taya yake ƙirga. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar 30 da 'yan kai. Lafiyayyar silinda ta injin fetur takan ba da tsakanin 130 da 180. Yaro ya riƙa rubutawa da alli a jikin ƙofar gareji. Ta farko 140. Ta biyu 135. Ta huɗu 140. Ta uku kuwa allurar ta ɗan motsa, ta ɗan ƙara, ta tsaya a 55.

Kawu ya ce ai ko ukun ma kamar sun yi ƙasa. Dattijon ya ce kada ya manta a kan tudu muke. Iskar Jos ba ta kai ta Kano nauyi ba, don haka abin da silinda ke zuƙa ya fi kaɗan. Geji yakan rage wajen kashi 3 cikin 100 a duk hawan mita 300. Motar da ta ba da 140 a nan, in an gwada ta a Ƙofar Ruwa ta Kano za ta ba da wajen 150. Ya ce shi ba lamba ɗaya yake kallo ba, tazarar da ke tsakaninsu yake kallo. In bambanci bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, inji na tafiya a kan kai ɗaya. Ya ƙara da cewa da silinda biyu maƙwabta ne suka faɗi tare, da gaskit ya fara tuhuma, don a ɗan siririn gaɓar da ke tsakaninsu yakan ƙone. Da duka huɗun ne suka faɗi daidai wa daida, da sai ya duba ko bel ɗin tayimin ya tsallake haƙori kafin ya ce inji ya tsufa.

Gwaji na biyu shi ya fi burge ni, saboda kuɗinsa cokali ɗaya ne na baƙin mai. Ya tsiyaya shi ta ramin fulogin silinda ta uku, aka juya inji man ya bazu, ya mayar da geji. Hikimar ita ce man zai kwanta a kan ringi ya toshe duk wata kafa da ke wurin na ɗan lokaci. In ta nan iska ke gudu, allura za ta yi tsalle. In ta sama take gudu, man bai kai can ba, allura ba za ta damu ba. Na buga. Ta tsaya a 60.

"Ka gani, Malam? Ringi bai da laifi a wannan ɗakin."

Bai tsaya nan ba, ya yi wa sauran ukun haka. Su kam sun tashi, daga 140 zuwa wajen 160. Ya ce wannan yana nufin ringi sun fara cinyewa a ko'ina, irin cinyewar shekaru, kuma shi ne tururin da yaron Saminaka ya gani. Akwai shi, amma ba shi ya kashe silinda ta uku ba.

Sai gwaji na ƙarshe. Yana da tsohon fulogi da ya fasa farin tangaran ɗin ya walda masa bakin tayar mota. Ya juya inji da sifana har fistan na uku ya hau ƙololuwa bawuloli biyun suna rufe, ya sa giya ya ja birkin hannu, aka jawo tiyon iska daga wurin mai faci na maƙwabta aka hura. Ya ce mu yi shiru mu bi sauti. In ta murfin baƙin mai iska ke fita da ƙarfi, ringi. In ta bakin kafireto, bawul ɗin shiga. In kumfa ta taso a ruwan lagireto, gaskit ko tsagewa. Yaro ya duƙa a bayan mota, ya ɗora tafin hannu a bakin salansa, ya ce, "Oga, ga ta nan." Ni ma na je na ji, tana hurowa sosai. Bawul ɗin fita ne.

Duk wannan bai ci awa guda ba, kuma ba a kwance komai ba sai fulogi.

Aka kawo shayi, muka zauna a benci, aka shiga maganar da ta fi ta geji wuya. Dattijon ya fara da abin da ba zai yi ba. Ya ce mai mai kauri da maganin gwangwani suna iya rage hayaƙi a injin da ringinsa ya saki, su ja wa mutum 'yan watanni, amma ƙarfen da wuta ta cinye ba ruwan gwangwanin da zai mayar da shi. A sanyin Jos ma mai mai kauri yakan yi jinkirin hawa sama da safe, ya jawo wani ciwon.

Kawu ya ce to injin Beljiyam fa, tunda kowa shi yake kira? Dattijon ya ce shi ba ya ƙinsa, ya ɗora da yawa, wasu sun yi shekaru. In inji ya buga, ko gangar jiki ta fashe, ko kiranshaf ya tafi, shi ne mafita. Amma a tuna da abubuwa biyu. Na ɗaya, da dala ake shigo da shi, ta Legas ko Kwatano, kafin ya iso Ladipo ko Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Dilimi ta nan Jos, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kuɗinsa ya tashi ya bar masu ƙananan motoci a ƙasa. Na biyu, injin Golf 3 da za a sayar maka yau sa'ar naka ne. Wanke shi aka yi ya yi ƙyalli, ba wanda ya san tafiyar da ya yi, kuma garantin 'yan kwanaki ne. Wasu ma ba daga Turai suke ba, a nan gida aka ciro su aka yi musu wanka. Ya ce duk wanda zai saya ya tafi da bakanikensa da geji da batir, a buɗe murfin sama a ga ko akwai baƙin laka, a gwada matsin tun yana ƙasa kafin a biya.

Akwai kuma gyaran gaba ɗaya: a sauke inji, a kai gangar wurin masu injin gyaran ƙarfe a faɗaɗa ramukan, a sa fistan mafi girma da milimita 0.25 ko 0.50, a sa sabon ringi da metal, a duba kiranshaf. A nan ya ɗan yi kewar Fijo. Ya ce 504 silindarta hannun riga ce ta ƙarfe da ake zarewa, ka sayi saiti guda, silif da fistan da ringi, ka zura, inji ya koma sabo ko a ƙauye kake. Golf kuwa ramin a jikin gangar aka huda shi, dole sai an je wurin mai inji, kuma ingancin aikin yana hannun wanda ya riƙe ma'auni a can. In an yi da kayan kirki, wannan gyara ya fi injin da ba a san tarihinsa ba. Amma kuɗinsa yana dab da na Beljiyam, mota kuma za ta kwana biyu a gareji ba ta kawo ko sisi.

Tsakanin wannan da aikin kai akwai wanda aka fi yi a garejinmu, wato a canza ringi kawai a bar ramin yadda yake. Ya ce yana yi in bango bai buɗe ba. In ya buɗe ya zama ƙwai, sabon ringi mai da'ira ba zai kama shi ba, bayan wata uku hayaƙi ya dawo, mai mota ya ce an sa masa jabu.

Abin da ya ba da shawara shi ne a cire kai, a canza bawul ɗin da ya ƙone, a wasa sauran, a sa sababbin robobin wuyan bawul, a duba ko kan ya karkace, a sa gaskit mai kyau. A farashin Dilimi na ranar, duk wannan da kuɗin hannu bai kai rubu'in kuɗin injin Beljiyam ba. Amma bai ɓoye wa Kawu komai ba.

"Malam, wannan zai dawo maka da silindarka. Shan baƙin mai kuwa zai ragu ne kawai, ba zai daina ba, don ringin nan suna kan hanya. Watakila shekara, watakila fiye, gwargwadon yadda ka riƙe ta. In kana da kuɗin yin duka yanzu, a yi sau ɗaya a huta, don gaskit da kuɗin hannu sau biyu za ka biya in ka raba. In ba ka da shi, kada ka ci bashi a kan ciwon da bai kwantar da kai ba."

Kawu ya daɗe yana juya kofi. Na san lissafin da yake yi: kuɗin zango na biyu na makaranta a watan Janairu, kuɗin dankalin da ke aljihunsa wanda rabinsa na mutane ne, da azumi da ke tafe, lokacin da kayan Kwari ke tafiya sosai kuma mota ba ta da damar kwanciya. A ganina ya zaɓi daidai da ya ce a yi kai. Da motar ɗan kasuwa ce mai motoci biyar, da na ce a yi duka. Gyara mai araha a wurin Kawu shi ne wanda zai bar shi a kan titi har ya tara na babban.

Na bar su na tafi ɗaurin aure, na dawo da la'asar na tarar an ɗaga kai an kifa shi a kan tebur. Bawul ɗin fita na uku ya yi fari fat, gefensa ɗaya a gutsure kamar an yanke da wuta, wurin bai kai faɗin farce ba. Dattijon ya sa farcensa a cikin kowace silinda yana jan shi sama, yana neman tudun da ringi ke bari a ƙarshen tafiyarsa. Akwai, amma kaɗan, kuma ba zane a bango. Ya ce alhamdu lillahi, geji bai yi ƙarya ba.

Abin da ya hana shi sakewa shi ne dalili. Bawul ba ya ƙonewa haka kawai, in ba a gano abin da ya ƙone shi ba sabon ma zai bi sawu. Bawul ɗin fita shi ya fi komai shan wuta a inji, kuma yana sauke zafinsa ne a ɗan lokacin da ya zauna a mazauninsa. Duk abin da ya ƙara zafin wuta ko ya hana shi zama daidai zai cinye shi. Ya kalli sauran fulogin, su ma fari-fari, ya tambayi Kawu wa ya taɓa kafireto. Motar da injekta ta zo, aka mayar da ita kafireto tun kafin Kawu ya saya, kamar yadda ake yi wa Golf da yawa. Kawu ya ce bayan an cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da litar ta ninka, shi ya sa aka matse masa ita don ta rage sha. Dubban direbobi sun yi haka, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Sai dai in fetur ya yi kaɗan iska ta yi yawa, ƙunar takan yi jinkiri, wuta ta bi hayaƙi ta fita ta kan bawul, musamman a hawa da lodi. Ga kuma wata tiyon iska da ta tsage a kusa da silinda ta uku tana ƙara mata iskar da ba a auna ba. Abin da aka rage a gidan mai, shi aka zo biya a Farin Gada. Matatar iska ma ta toshe da ƙurar hunturu har wani ya huda ta da sukundireba don mota ta numfasa, ƙurar da ke bi ta wannan huda kuwa ita ke cin ringi a hankali.

Washegari muka shiga Dilimi da tsohon bawul a hannu. Shaguna a jere, Igbo da Hausawa, ƙarfe a rataye har rufi. Gaskit kala uku aka ajiye mana, kwalinsu kusan iri ɗaya. Yaron garejin ya ɗaga kowanne ya duba zoben ƙarfen da ke bakin ramukan, ya zaɓi na tsakiya a tsada, ya ce na ƙasan ba ya kai wata. Kawu ya so ya tsaya a mai sauƙin, yaron ya ce, "Baba, araha ba ta ado," Kawu ya yi dariya ya biya. Aka sayi sababbin kusoshin kai, domin na Golf irin masu miƙewa ne in an ɗaure su, ba a so a maimaita. A wurin masu inji aka ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar kan, aka ga ya ɗan karkace, aka share siriri.

Wasa bawul aikin haƙuri ne. Yaro ya shafa wani baƙin kulli mai yashi a bakin kowanne, ya kama shi da sanda mai roba yana murzawa tsakanin tafukansa, yana ɗagawa yana juyawa, har bakin da mazaunin suka yi zobe mai launin toka ba yankewa. Da aka gama aka kifa kan aka zuba fetur a kowane rami aka jira a ga ko zai tsiyaye. Bai tsiyaye ba. Wajen ɗaurewa dattijon bai ba kowa sifana ba. Ya ɗauko mai ma'auni, ya fara daga kusoshin tsakiya yana fita waje, zagaye bayan zagaye. Ya ce yawancin gaskit ɗin da ake cewa jabu ne, hannu ne ya kashe su, an ɗaure gefe ɗaya tam kafin ɗayan. Aka juye tsohon mai, yana warin fetur, aka sa sabo da matata, aka canza tiyon da matatar iska, dattijon ya buɗe kafireton daidai gwargwado.

Da ta yi zafi ya sake ɗaura geji. Silinda ta uku 140, sauran tsakanin 140 da 145. Ya ce Kawu ya rubuta a littafinsa tare da kwanan wata da lambar kilomita, bayan wata shida ya sa a sake aunawa a Kano, ya tuna cewa can za ta ɗan fi haka. Ranar da ya ga sun gangaro kusa da 110, ko galan ɗin mai ya daina kai shi yadda yake kai shi, lokacin babban aiki ya yi.

Mun taso da buhunan dankalin Bokkos, Kawu ya rage biyu daga abin da ya saba ɗauka. Sandar giya ta daina rawa, hawan da ke cikin Falgore ta wuce su a giya huɗu. Fetur kuwa ta fi sha fiye da lokacin da take a matse, Kawu ya lura da wannan tun kafin Saminaka, ya yi tsaki, ya ce zai ƙara wa 'yan Taminus kuɗin dila. A Tudun Wada muka tsaya sallar la'asar, ya bari ta huce ya zaro sandar mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Ta ɗan sauka daga layin sama. Ya ƙara abin da ya ragu a galan, ya ce daga wannan zuwan zai fara ware kuɗin ringi da metal a wurin matarsa, in Allah ya kai mu bayan babbar salla a sauke ta a Ƙofar Ruwa.